Auna Fili Kafin Ka Busa Usur: Yadda Ake Tsara Wasan 'Yan Kaɗan Ga Yara

Duk wanda ya ratsa filayen firamare na Tudun Wada, Rigasa, Kawo ko Kakuri a Kaduna bayan la'asar ya san yadda atisayen yara ya saba tafiya. A sa su zagaya fili har su fara haki, a ɗan miƙe gaɓoɓi, sannan a raba yara 30 gida biyu a jefa musu ƙwallo ɗaya. Huɗu ko biyar masu ƙarfi su ke taka leda, sauran kuwa bin ƙura kawai suke yi. Akwai yaron da zai koma gida bai taɓa ƙwallo sau goma ba. Koci na gefe yana ta "ku buɗe, ku buɗe", amma ba mai buɗewa, domin babu abin da zai sa yaro ya bar inda ƙwallo take ya tafi inda ya san ba za ta zo masa ba.

Wasan 'yan kaɗan, wato daga 2 da 2 zuwa 8 da 8 a yankakken fili, yana gyara wannan, da sharaɗin an auna. Yawan gudun da yaro zai yi, da irin gudun, da sau nawa zai taɓa ƙwallo, da irin shawarar da zai riƙa yankewa, duk ka riga ka tsara su tun lokacin da ka ajiye duwatsun alama. Abin da ke hannunka shi ne girman fili, siffarsa, yawan 'yan wasa, irin raga, dokar wasa da tsawon lokaci.

Lissafin rabon kowa

Ka ninka tsawon fili da faɗinsa, ka raba da yawan 'yan wasan da ke ciki. Abin da ya fita shi ne rabon kowane yaro, kuma wannan adadin ya fi komai faɗa maka irin wahalar da za su sha. Cikakken filin manya na mita 105 da 68 murabba'in mita 7,140 ne, idan ka raba wa mutum 22 kowa ya tashi da kusan 325. Wasan 4 da 4 a fili mai mita 30 da 20 kuwa kowa 75 yake samu. Ka mayar da shi 40 da 30, yaran nan takwas ba su ƙaru ba, amma rabon kowa ya zama 150, wasan kuma ya zama wani daban.

A matsattsen fili, wato ƙasa da 80 ga kowane yaro, ba a yin dogon gudu. Abin da ake yi shi ne zabura, tsayawa cak, juyawa, kafaɗa da kafaɗa. Yaro yana taɓa ƙwallo da yawa, yana rasa ta da yawa, kuma dole ya san inda zai kai ta kafin ta iso ƙafarsa. Nauyin yana sauka a cinya, gwiwa, matsematsi da sha-raɓa. Shi ya sa washegari yara ke kukan tsamin jiki alhali ba su yi wani gudun a-zo-a-gani ba.

Tsakanin 80 da 150 shi ne wurin da aka fi samun komai daidai gwargwado: akwai haki, akwai taɓa ƙwallo, akwai sararin da za a ɗaga kai. Daga 150 zuwa sama, nisan da yaro ke ci yana ƙaruwa, gudu mai ƙarfi yana bayyana, dogon fas da zura ƙwallo bayan 'yan baya suna shigowa, amma taɓa ƙwallon kowa yana raguwa. Waɗannan iyakoki na aiki ne, ana iya ɗan matsawa gaba ko baya bisa shekaru da ƙwarewa.

Wani kuskure da ya yi yawa shi ne ɗauka cewa ƙaramin yaro ko sabon shiga ƙaramin fili ya dace da shi. Wanda bai iya tare ƙwallo ba sarari yake buƙata, don idan ta tsalle masa mita biyu ya samu ya bi ta kafin a ƙwace. Gwanaye ake matse wa fili. Idan ka ga ba a iya haɗa fas uku a jere, ƙwallo sai fita take yi, ka ƙara mita 5 a kowane ɓangare kafin ka fara faɗa. Idan kuma ka ga yaro yana tare ƙwallo, ya duba gabas ya duba yamma ba wanda ya iso shi, ka rage.

Aunawar ba ta buƙatar kuɗi. Takun babban mutum na tafiyar yau da kullum bai kai mita ɗaya ba, wajen santimita 70 zuwa 80 ne, don haka wanda ya ƙirga taku 30 yana zaton mita 30 ya yi, wajen 22 ko 23 kawai ya auna, rabon kowa kuma ya ragu kusan rabi idan haka ta faru a tsawo da faɗi. Ka sami igiya mai mita 30, ka ɗaura ƙulli duk bayan mita 5. Don kusurwa ta miƙe, yi irin na magina: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya zama 5. A ja layi da toka ko farar ƙasa. Idan babu robobin alama, gorar ruwa da aka cika da yashi ta fi dutse, don wanda ya faɗa a kanta ba zai fashe gwiwa ba. A bar aƙalla mita 3 tsakanin fili da fili, haka ma tsakanin layi da katanga ko kwata.

Siffar fili

Filaye biyu na iya zama girma ɗaya su koyar da abu biyu. Mita 40 da 20 da kuma mita 25 da 32 duk 800 ne. Na farkon dogo ne siriri: babu gefe, don haka ƙwallo gaba take tafiya, ɗan gaba yana koyon kare ta da jiki ya ajiye wa na baya, ana samun kai farmaki da sauri da kuma gudun dawowa. Na biyun gajere ne mai faɗi: raga kusa take, tsakiya a cushe, mai hankali sai ya juya wasa zuwa ɗaya gefen. Kocin da ke son yaransa su buɗe, wannan na biyun zai shimfiɗa musu ya yi shiru.

Mutum nawa

Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce. Duk lokacin da aka rage mutane, aka kuma bar rabon kowa na fili yadda yake, bugun zuciya yana hawa, taɓa ƙwallo yana ƙaruwa, wurin ɓuya yana ƙarewa. A 3 da 3 babu wanda zai huta a bayan wani. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan manyan 'yan wasan sha'awa a Italiya ya gwada daga 3 da 3 zuwa 6 da 6 a filaye masu girma uku. Mafi wahala shi ne 3 da 3 a babban fili koci yana ƙarfafa su da murya, inda zuciya ta kai wajen kashi 91 cikin 100 na iyakar bugunta. Mafi sauƙi shi ne 6 da 6 a ƙaramin fili koci ya yi shiru, wajen kashi 84.

Ta fuskar dabara, 1 da 1 da 2 da 2 na yanka ne da tsare mutum. A 3 da 3 ake fara samun kusurwa uku, mai ƙwallo yana da zaɓi biyu. A 4 da 4 ake samun cikakken hoton wasa a taƙaice: ɗaya a baya, biyu a gefe, ɗaya a gaba, wato zurfi da faɗi sun samu. Daga 6 da 6 zuwa sama ne layuka ke fitowa, a fara maganar 'yan baya su taso tare, 'yan tsakiya su rufe.

Ƙasashen da suka tsara wasan yara a kan wannan suka gina shi. A shekarun baya hukumar ƙwallon Ingila ta riƙa sa 'yan ƙasa da 8 su buga 5 da 5 a fili mai wajen mita 37 da 27, 'yan ƙasa da 10 su buga 7 da 7 a 55 da 37, 'yan ƙasa da 12 kuma 9 da 9 a 73 da 46. Ka yi lissafin da kanka: kusan 100, sai 145, sai 187. Ana ƙara wa yaro fili ne a hankali yadda ƙafarsa ke ƙara tsawo. Jamus ma tun kakar 2024 ta mayar da wasan ƙanana sosai 2 da 2 ko 3 da 3 da ƙananan raguna huɗu, salon da koci Horst Wein ya yi suna a kansa. Mu kuwa har yanzu ana shirya gasar 'yan shekara 10 a cikakken fili, gola ɗan ƙanƙani a tsakiyar ragar manya, duk wanda ya fi ƙarfin ɗaga ƙwallo sama shi ke ci. Ƙwallon ma a duba: lamba 3 ga 'yan ƙasa da 9, lamba 4 har zuwa 13 ko 14, sannan lamba 5.

Ba dole ne gida biyun su zama daidai ba. Ka gwada 4 da 3 ka tsaya kallo. Ukun nan ba sai an faɗa musu ba, za su matso kusa da juna, su ja baya, su toshe tsakiya su bar gefe. Huɗun kuma dole su nemo wanda ba a tsare ba. Amma ukun sun fi shan wahala, saboda haka a riƙa juya su duk zagaye. Wata hanyar ita ce sa joka, yaro ɗaya mai riga daban da ke bin duk gidan da ke da ƙwallo. Joka yana sa riƙe ƙwallo ya yi sauƙi, kuma wuri ne mai kyau ga yaron da ya dawo daga jinya ko targaɗe, musamman idan aka tsayar da shi a wajen layi inda ba mai taka shi.

Raga

A nan ne tsarin unguwa ya fi cutar da yara ba tare da an lura ba. Ƙaramar raga ɗaya ta duwatsu biyu a tsakiyar layi, taku biyu ko uku, ita kowa ya taso da ita. Matsalarta, yaro ɗaya ya isa ya zauna a bakinta ya toshe. Sai wasa ya koma cunkoso a wuri ɗaya, ba mai buga shot daga nesa, ba mai zuwa gefe, wanda ya zauna a ragar kuma har a tashi bai yi gumi ba.

Gyaran shi ne raguna biyu a kowane ƙarshe, kowace faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ajiye su kusa da kusurwoyi, tsakaninsu aƙalla mita 12. Yanzu mutum ɗaya ba zai iya tsare duka biyun ba. Idan masu tsaro suka taru a hagu, dama ta buɗe, mai ƙwallo kuma dole ya ɗaga kai ya gani. A ja wani layi mita 6 daga raga, a ce ba a ci sai an shigo cikinsa, don kada wasan ya koma harbi daga nesa. Cikin mako biyu ko uku za ka fara ganin yaro yana nufar raga ɗaya don ya jawo mutane, sannan ya juya ɗayar, abin da za ka yi wata kana bayani a baki bai shiga ba.

Idan babu raga gaba ɗaya, maki sai an haɗa fas biyar ko shida, gudu ba ya tsayawa kuma haki ya fi yawa, sai dai wasan ba shi da gaba ba shi da baya. Yaran da aka cika ba su wannan sukan iya riƙe ƙwallo su kasa kai ta ko'ina. Ya fi kyau a ce cin shi ne a tsayar da ƙwallo a kan layin abokan hamayya, ko a ba wa wani fas ya karɓa a bayan layin. Haka an samu alƙibla, an kuma samu faɗi, tunda duk layin raga ne.

Babbar raga da gola tana kawo shot, tana kawo tare shot da jiki, tana kuma sa 'yan baya su koyi rufe tsakiya. Sau da yawa ƙarfin wasan yana ɗan sauka, domin masu tsaro suna komawa su taru gaban golansu, ƙwallo kuma tana daɗewa a hannu. Ka ba gola sakan 4 ko 5 ya saki, ka ajiye ƙwallayen ajiya cikin ragarsa. Raga mai faɗin mita 3 zuwa 4 ta ishi 'yan ƙasa da 10, mai mita 5 kuma ta ishi 'yan 11 da 12. Idan ta ƙarfe ce da ake ɗauka, a kafe ta ko a danne ta da buhun yashi, don yara na son lilo a sandar sama kuma tana iya rufto musu.

Dokoki

Dokar taɓawa biyu ita ce kowane koci ya fi so. Tana sa ƙwallo gudu, tana tilasta wa marasa ƙwallo su motsa, tana ɗaga haki. Amma tana kashe yanka, tana kuma koya wa yaro ya rabu da ƙwallo ko da gabansa a buɗe yake. A ra'ayinmu ba ta dace da 'yan ƙasa da 11 ba sai jefi-jefi. Garin Kaduna da ya haifi Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal da Celestine Babayaro bai kamata ya riƙa tara yaran da ke tsoron tunkarar mutum da ƙwallo ba. Ga manyan yara, a raba fili: taɓawa biyu a rabinka, yadda ka ga dama a rabin abokan hamayya. Ko kuma a bar kowa ya sake, amma ƙwallon da aka ci da taɓawa ɗaya ta zama biyu. Lada ya fi hani aiki, don yana barin yaro ya zaɓa da kansa.

Dokar kowa da mutuminsa, wato kowane yaro an ba shi wanda zai tsare shi kaɗai, tana daga cikin mafiya gajiyarwa. Minti biyu zuwa uku ya isa, kuma a haɗa yara masu kai ɗaya, in ba haka ba wasan ya ƙare a kan yaro guda da aka fi ƙarfinsa.

Dokar cewa ba a ƙirga ci sai duk 'yan gida sun tsallake rabin fili tana maganin ɗan bayan da ke tsayawa yana kallo, tana kuma haɗe gida wuri ɗaya. Ga ɗan gaban da ya kafa tanti a bakin raga yana jiran tsammani, ja layin satar gida mita 10 zuwa 12 daga raga da zarar an kai 6 da 6. Idan ana son koyar da ƙwato ƙwallo nan take, a ce wanda ya ƙwato cikin sakan 5 ya kuma ci, ƙwallonsa biyu.

Doka ɗaya a lokaci guda, iyaka biyu. Idan ka jera huɗu, yara suna ƙirgar doka ne maimakon kallon wasa, kai ma ba za ka san wacce ta yi aiki ba.

Lokaci, hutu da yadda za ka san sun yi aiki

Ƙarancin mutane na tafiya da gajeren lokaci. 1 da 1 sakan 30 zuwa 45 ne, hutu ninki biyu ko uku. 2 da 2 minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. 3 da 3 minti 2 zuwa 3, zagaye huɗu zuwa shida, hutun minti ɗaya da rabi zuwa biyu. 4 da 4 ko 5 da 5 ga 'yan 13 zuwa sama, minti 4 sau huɗu da hutun minti 2 zuwa 3. Wannan tsarin na minti 4 sau huɗu shi aka gwada a kan matasan 'yan wasa a Italiya a wani bincike na 2006: rabi suka yi shi da gudu zalla, rabi da wasan 'yan kaɗan, jimirin ɓangarorin biyu kuma ya ƙaru kusan daidai. Ke nan babu dalilin ɓata rabin atisaye a zagayen fili. 7 da 7 zuwa sama na iya kai minti 8 zuwa 12.

Idan ka bar 3 da 3 ya yi minti 10 a jere, yaran da kansu za su rage wuta. Sai ka ga ana tafiya, fas yana lalacewa, ana shiga da ƙafa a makare, a nan ake jin ciwo.

Abin da ya fi cinye ƙarfin wasa a filayenmu shi ne bin ƙwallo. Ta fita ta gangara kwata ko ta faɗa gidan maƙwabta, minti ɗaya ya tafi a cikin huɗu. Idan ƙwallaye sun wadata, koci ya tara su a ƙafarsa ya riƙa jefa sabuwa nan take. Idan biyu ko uku ne kacal, yaran da ke hutu su zagaye filin su zama masu tarewa. A daina jifa da hannu da bugun kusurwa a ƙananan wasanni, a shigo da ita da ƙafa.

Tsarin "wanda ya ci ya zauna" shi ma a sake shi. Gida mai ƙarfi yana bugawa har ya galabaita, raunana kuma, waɗanda suka fi buƙatar wasan, suna zaune a inuwa. Ka shimfiɗa filaye uku ko huɗu kowa ya buga lokaci ɗaya. Wanda ya ci ya hau filin gaba, wanda aka ci ya sauko. Bayan zagaye uku kowa ya haɗu da tsaransa.

Ba sai da na'ura ake auna wahala ba. Da an busa usur, yara su ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaro su ƙirga bugu na sakan 10. A fara nan take, domin zuciyar yaro tana saurin sauka. Iyakar bugun 'yan 12 zuwa 15 yana kusa da 200 a minti, kodayake yaro ya bambanta da yaro. Wanda ya ƙirga 29 ko 30 yana wajen kashi 90, aikin jimiri ya yi. Wanda ya ƙirga 23 ko 24 yawo ya yi. Idan yawancinsu ƙasa suke, ka cire mutum ɗaya daga kowane gida ko ka ƙara fili. Bayan an tashi kuma ka tambayi kowa shi kaɗai: daga 0 zuwa 10, yaya wahalar yau? A keɓe ake tambaya, don a gaban abokai kowa 3 zai ce.

Muryarka ma tana cikin lissafi. Ƙarfafawa irin "matsa masa", "dawo", "da kyau" tana ɗaga ƙarfin wasa. Faɗa wa yaro inda zai kai kowace ƙwallo kuwa yana hana shi tunani. Gyara ya jira lokacin hutu, kuma tambaya ta fi huɗuba: da ka karɓa, wa ka gani a buɗe?

Abin da ƙaramin fili ba ya bayarwa

Yaro ba ya kai ƙarshen gudunsa a fili mai mita 25 ko 30, kafin ya miƙe ya iso layi. Wanda ya yi wata biyu a matsattsen fili kawai, ranar gasa da ya saki ƙafa tsokar bayan cinya na iya kama shi. Sau ɗaya ko biyu a mako, bayan ɗumama jiki kuma kafin gajiya, a yi tsere na mita 20 zuwa 30 sau huɗu zuwa shida, yara biyu-biyu suna rige-rigen ƙwallo, da cikakken hutu na minti ɗaya ko fiye. Dogon fas, kuros da tsayuwar layin baya su ma sai a fili mai tsawon mita 55 zuwa sama.

Ƙasa, yanayi da jikin yaro

Yawancin filayenmu jar ƙasa ce da ke ƙeƙashewa da rani. Yawan tsayawa da juyawa a kanta yana dukan dunduniya da gwiwa, musamman ga yaran da ke cikin saurin tsawo, maza wajen 13 zuwa 14, mata wajen 11 zuwa 12. Yaron da ke nuna ciwo a ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a bayan dunduniya ba raki yake yi ba, wuraren da ƙashi ke girma ne. A rage masa matsattsen wasa, a mayar da shi joka, in ciwon ya ƙi tafiya a kai shi asibiti. Takalmi mai dogayen ƙusoshi bai dace da busasshiyar ƙasa ba, kambas ko mai ƙananan ƙusoshi ya fi. Kuma kada a haɗa masu takalmi da marasa takalmi a fili ɗaya.

Batun shekaru kowa ya san yadda yake. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin wasa na Ahmadu Bello, FIFA ke amfani da hoton MRI na wuyan hannu wajen tantance shekarun 'yan wasa. Kocin unguwa ba shi da wannan, amma yana da ido. A matsattsen fili inda ake yawan karo, a raba yara da girman jiki, ko me takarda ta ce.

A watan Maris da Afrilu, kada a fara wasa mai ƙarfi kafin ƙarfe biyar na yamma, ko kuma a yi da sassafe. A rage tsawon zagaye, a ƙara hutu, kowane yaro ya sha aƙalla rabin ledar ruwa duk minti 20. Jiri, ciwon kai, amai ko ruɗewa na nufin a fitar da yaro nan take, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, in ya ruɗe kuma sai asibiti. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ga kuma masu sikila, don haka tun ranar rajista a tambayi iyaye, kuma duk yaron da ya ce numfashinsa ya ɗauke ko ƙafafunsa sun mutu, a bar shi ya tsaya ba tare da gori ba. Da hunturu, ƙura a matsattsen fili tana tayar wa masu asma, a yayyafa ruwa in da hali, a tsawaita ɗumama jiki. Da damina, aka ji tsawa a bar fili, kuma ba gindin bishiya ake fakewa ba. Da azumi a koma wasan mutane da yawa, gajeren lokaci, dab da shan ruwa.

Misalin yini ɗaya

A ce yara 24 ne 'yan 12 da 13, kana da rabin fili da minti 75 kafin magariba. Minti 12 na farko, rukuni uku na mutum takwas, 6 da 2 a murabba'i mai mita 12, biyu a tsakiya suna neman ƙwata. Sai minti 6 na tsere. Daga nan filaye uku na mita 30 da 20 a jere, tsakaninsu mita 3, wanda zai ci mita 66 na faɗin fili. 4 da 4, raguna huɗu, minti 4 sau huɗu, hawa da sauka, duka wajen minti 26 har da hutu. A sha ruwa, a kwashe alamomi, a shimfiɗa fili ɗaya na mita 60 da 40 da gola da layin satar gida. Gida uku na mutum takwas, wasa uku na minti 6, kowane gida ya buga biyu ya yi taren ƙwallo a ɗaya. A wannan na ƙarshen babu wata doka ta musamman, a nan za ka ga ko juya wasan da suka yi a raguna huɗu ya biyo su. Minti 5 na ƙarshe tafiya da miƙe jiki.

Irin wannan yini mai nauyi sau biyu a mako ya isa, kuma ba a jere ba, a bar kwana biyu tsakani. Jajibirin wasa a sauƙaƙa: 7 da 7 ko 8 da 8 a matsakaicin fili, zagaye biyu na minti 6, sai bugun tazara da na kusurwa. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta girman fili, yawan yara, doka da makin wahalar da suka faɗa, kuma a mako mai zuwa abu ɗaya kawai za ka canza a cikinsu.